Wanda Ya Yanka Itacen Kabarin Mijina

Sallama gare ku 'yan uwa, musamman matan da suka yi ta turo saƙo suna tambayar ko lafiya na yi shiru. Lafiya lau. Sabis ne ya yi ta wasa da mu a Bukkuyum, sannan ni kaina ban samu natsuwar dogon rubutu ba sai yau.

Ga wadda ta shigo yanzu, sunana Muhsina. Mijina Kamilu ya rasu shekara biyu da suka wuce, ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu, Tungar Sambo. Ya bar ni da ɗiya ɗaya, Hafiza, tana cikin shekararta ta huɗu. Da na fita takaba sai na dawo gidanmu wurin Inna, na kama ɗinki. Dangin Kamilu su ma sun baro ƙauyen, suna haya a bayan kasuwa: mahaifiyarsa da muke kira Goggo, da yayansa Namadi wanda ya koma kabu-kabu tun da gona ta gagara.

Shi kuma wanda kuke ta tsokanata da shi, Lirwanu, mutumin Gummi ne, opareta, wato mai injin yankan itace. Akwai dogon yaro a tsakar gidanmu da wani reshensa ya kwanto kan ɗakin da nake kwana da Hafiza. Kafin damina Inna ta sa aka kira mai inji ya sauke shi. Ya zo da injin ɗaure a bayan babur, da jarkar fetur, cikin wata riga mai dogon hannu da baƙin mai ya canza mata launi. Ya zagaya bishiyar, ya sake zagayawa, ya ƙi tada inji. Sai ya nuna Hafiza da ke maƙale da zanena, ya ce a kai yarinyar nan maƙwabta tukuna, kuma a tusa mata auduga a kunne, don ƙarar ba ta yara ba ce. Da ƙarfi ya faɗa, har Inna ta ɗauka faɗa yake. Daga baya muka gane ƙarar injin ce ta cinye masa kunnen hagu, shi a wurinsa a hankali yake magana.

Ni dai a ranar ban ga wani kyau ko muni a fuskarsa ba. Abin da na gani, namiji ya shigo gida ya fara lura da ɗiyata kafin aikinsa. Da ya gama, ya yanko wani guntun gungume, ya gyara masa baki ya zama 'yar kujera, ya ce a ba mai auduga. Bayan sati ya dawo wai duba ko bishiyar ta yi tsiro. Ku ji fa, tsiro a sati ɗaya.

Haka muka fara. Duk Juma'a bayan la'asar yana zuwa zaure, ya sha wanka da farar shadda, amma ko wane turare ya fesa sai ƙanshin fetur ya leƙo ta ƙarƙashi, kuma ba a rasa dusar katako a bayan kunnensa. Kira ba ya yi mana daɗi saboda kunnen, don haka ni in rubuta, shi ya turo murya. In zan saurara sai na rage ƙarar waya har ƙasa, in ba haka ba har Inna a madafi sai ta ji ana ce mani “ranki ya daɗe uwar Hafiza”.

Inna tana son auren. Kullum maganarta, mace mai ƙuruciya ba ta zama a gida tana taka keke har ta tsufa. Manyansa sun zo gaisuwa daga Gummi, an karɓe su. Na riga na gaya masa tun farko cewa ni da Hafiza kaya ɗaya ne, ba a sauke rabi. Ya ce shi ma da hakan ya gani yake so.

Sai ga Yaya Namadi wata safiya.

Ina ɗaki ina haɗa wuyan wata riga ta atamfa, na ji sallamarsa. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Da na ji gaisuwar ta yi tsawo ba a kira ni ba, sai na ɗage ƙafa daga keke na matso bayan labule. Ya ce shi ba shi da ikon hana ni aure, Allah ya sa alheri. Amma Hafiza jininsu ce, kuma ranar da aka ɗaura da wannan mai injin, ranar zai zo ya ɗauki ɗiyar ƙanensa. Inna ta tambaye shi ko wani abu ya ji.

“Inna, ba ji nai ba, gani na yi,” in ji shi. “Ranar da munka kai su Kamilu makabarta, itace munka ishe a tare, an yayyanka shi daidai faɗin kabari. Ba saran gatari ba ne, bakinai sumul, yankan inji. Ni naj jera shi da hannuna. Da maganar auren ga ta taso nab bincika, anka ce wanga yaro yak kawo shi, ko sati ba a yi ba anka shigo muna. To wa yag gaya mashi za a buƙata?”

Ya ƙara da cewa mutumin da ke shiga daji da inji mai ƙara irin wannan, kullum ya fito lafiya, ai a tambayi da wa ya saba a ciki. Bai furta kalmar ba, amma ni da Inna mun ji ta. Ku da ke nesa wataƙila ba ku san nauyinta ba. A wajenmu in aka ce mutum infoma ne, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba a jiran alƙali.

Ga waɗanda ba su sani ba, don mu mata ba ma zuwa can: in an sa mamaci a kabari, itace ake jerawa a samansa, a toshe da ganye da cuɗaɗɗiyar ƙasa, sannan a tura sauran. In babu itace a ajiye, sai gawa ta jira samari su je su saro.

Ba zan yi maku ƙarya ba, na zauna a bakin gado, zuciyata ta ce mani, in gaskiya ne fa? Na tuna duk Juma'ar da ya ɗauki Hafiza ya ɗora a kafaɗa.

Da Namadi ya tafi Inna ta shigo. Ita ba ta yarda da zargin ba, ta ce mutumin da ya sa a tusa wa yarinya auduga ba zai sayar da gari ba. Amma mafitarta ita ce in yi aurena in bar masu ɗiyarsu, kowa ya huta.

“Ɗiyar fari ce fa, Muhsina. Ke ko kunya ba ki ji? Kina kiran sunanta gatsal, kina goyonta cikin mutane, yanzu kuma za ki tsaya ja da dangin ubanta a kanta. Ni har yayanki yag girma ban taɓa kiran sunanai ba.”

Na sunkuyar da kai, don Inna ce. Amma ni na san abin da Inna ba ta kwana da shi. Hafiza in ta ji babura sun wuce da yawa a tare, ko da rana tsaka ne, sai ta saki abin da ke hannunta ta shige ƙarƙashin hijabina, ta riƙe babban yatsana har su yi nisa. Matar Namadi mutuniyar kirki ce, amma yaranta sun cika mata hannu, wa zai tsaya ya ba Hafiza yatsa? Don haka a wurina babu wani zaɓi tsakanin miji da ɗiya. In abin ya kai ga haka, Lirwanu zai koma Gummi shi kaɗai. Abin da nake so kawai in sani, wa na yi wata da watanni ina kai wa ruwa a zaure.

Na rubuta masa: “Ka zo Juma'a da wuri. Akwai tambaya.” Ya turo murya yana dariya, wai Allah ya sa ba lissafi ba ne. Ban mayar ba.

Ranar ban yi kwalliya ba. Doguwar riga ta gida na sa, da hijabi ruwan toka, ko kwalli ban zizara ba. Na tura Hafiza maƙwabta. Na zauna ta damansa, wajen kunnen da ke ji, na gaya masa duk abin da Namadi ya faɗa, ban rage ba ban sassauta ba. Sannan na ce ya gaya mani don Allah me ya kai itacensa makabartar Tungar Sambo.

Ya dubi hannayensa. Kun san hannun opareta, ko ba ya aiki yatsun suna ɗan motsi. Da ya buɗe baki kuwa, ranar ce na fara jin muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce mahaifinsa da damina ya rasu. An yi sallah, an kai shi, aka tarar babu itace ko ɗaya a makabarta. Suka tsaya da gawa ana yayyafi, samari sun bazu da gatari, abin da suka samo ɗanye ne kuma gajere, sai da aka yi ta haɗa-haɗa. Ya ce yana tsaye yana kallon likkafani yana jiƙewa, shi da yake yanka itace tun safe har yamma don wasu su yi rufin ɗaki. Tun daga ranar, duk inda ya kada bishiya ya tsaga gangar jikinta ta zama katako, rassan da suka rage ba ya barin masu gawayi su kwashe duka. Yana roƙon mai bishiyar ya bar masa wasu. Dama in an tashi aiki akan rage ɗan mai a tankin inji, kuma barinsa ya kwana a ciki ba ya yi wa injin kyau. To da wannan ragowar yake yayyanka rassan daidai kabari, a ɗora a saman lodi, direba ya tsaya a makabartar da ta fi kusa a sauke. A Tungar Sambo wani ne zai yi rufi ya kira shi, ya yanka masa, ya sauke rassan ƙirya a makabarta da yamma ya wuce Gummi. A rediyo ya ji abin da ya biyo baya.

Na tambaye shi ko ya san Kamilu yana cikin waɗanda aka rufe da shi.

“Na sani tun ranar da kinka ce mani daga can kike,” ya ce. “Na rasa bakin da zan gaya maki. In ce mi? In ce ni na yanka wa mijinki?”

Game da daji kuma ya ce ba zai ce mani babu haɗari ba. Amma ya daɗe da daina shiga ciki sosai, aikinsa yanzu bishiyoyin gona ne da na fadama da na cikin gari, kuma akwai wuraren da ko an kira shi ba ya zuwa. Ya ce zai je gaban Namadi ya dafa Alƙur'ani. In kuma hakan bai isa ba, zai janye, don ba zai zama sanadin raba ni da ɗiyata ba.

Na ce masa rantsuwa ba za ta yi ba, wanda ya riga ya zarge ka cewa zai yi ai mugu ma yana rantsuwa. Na tambaye shi garuruwan da ya taɓa saukewa. Ya ce Gummi, Anka, Gwashi, nan Bukkuyum, da ƙauyukan da shi kansa ya manta. Na ce wa ya gan ka? Ya ce shi ba ya tsayawa a gan shi, saukewa yake ya wuce, sai dai ko tsofaffin da ke kula da makabartun.

A nan dabara ta zo mani. Muna da guruf a waya na waɗanda muka yi Islamiyya tare, aure ya watsa mu ko'ina. Bayan magariba na rubuta: “'Yan uwa, don Allah kowacce ta tambayar mani mazan gidansu, wa ke kawo itace makabartar garinku? In da hali a ɗauko mani muryar wanda ya sani.” Ban sa sunan kowa ba, ban faɗi dalili ba. Na yi hakan da gangan, don in sunansa zai fito, ya fito daga bakinsu. Kuma na ƙudurta a raina in babu wanda ya san shi, to na samu amsata.

Abin da aka fara turowa tsokana ce. Wata ta ce Muhsina ko kin bar ɗinki kin koma gina kabari. Wata ta turo hoton mai kuka. Daga nan sabis ya ɗauke. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu, mai kayan ta zo ta ce ko ciwon ido nake. Kullum sai in hau kan turmi a bayan ɗaki in ɗaga waya sama kamar mai shanya.

Da sabis ya dawo, saƙonni suka shigo a jere. Khairiyya da ke aure a Anka ta ce surukinta ya ce wani mai inji ne daga Gummi, bai san sunansa ba, amma in yana gaisuwa sai ka ɗauka bashi ya zo karɓa. Wata daga Gwashi ta ce yayanta direban lodin katako ne, kuma ya ce kar ma a tuna masa, Lirwanu ne ke sa shi ratse da mota cike da kaya har bakin makabarta, taya tana nutsewa cikin rairayi. Sai Mardiyya, aminiyata da ke Gummi. Ita mijinta ta tasa a gaba har wurin wani tsoho da ake kira Makau, wanda ya tsufa yana gina kaburbura, ya ɗauko muryarsa. Ga abin da tsohon ya ce, na saurare shi har na haddace:

“Wa, kurman yaron ga mai inji? Lirwanu ɗan marigayi mai gyaran keke? Ai shekara da shekaru shi ka kawo muna. In kun gane shi ku ce mashi Makau ya ce ya bar haɗo muna da dogon yaro, don gara tana cinye shi. Ƙirya muka so, ko marke. Na bara ma ga shi can tari guda, Allah ya ja kwanan mutanen unguwar ga, itace na ta jiran su har ya fara ruɓewa.”

Na yi dariya, na yi kuka, na yi sujada a kan simintin ɗaki. Mardiyya, Khairiyya, da ke 'yar Gwashi da kika ce kar in sa sunanki, in kuna karanta wannan, ban da abin da zan biya ku. Allah ya tsare maku 'ya'yanku.

Washegari na ce wa Inna zan je gidan Goggo. Ta ce ba a taɓa yi ba, mace ta je gidan surukai tana wanke saurayi. Na ce ba shi zan roƙa wa ba, ɗiyata zan roƙa. Ta kalle ni ta kalle ni, sannan ta tashi ta ƙulla mani hoce, wainar dawar nan ta wajenmu, a leda ta ce in kai wa tsohuwa, kar in je hannu biyu. Na sa atamfata mai ruwan ganye da babban hijabi, na goya Hafiza duk da ta wuce goyo, ƙafafunta suna dukan cinyata har muka isa.

Goggo tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu, da carbi, idonta ya yi rauni sosai tun rasuwar. Ta shafa kan Hafiza ta ce kishiyarta ta zo ƙwace mata miji, Hafiza ta ce ita ba ta son tsohon miji. Aka aika aka kira Yaya Namadi daga bakin tasha. Ya shigo da hular sanyi da ƙura a gira, ya ga ni ce, ya tsaya daga nesa.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce na ji abin da ya gaya wa Inna, kuma ban zo musu ba. Abu ɗaya na kawo ya saurara. In ya saurara zuciyarsa ba ta sauya ba, na fasa auren, Hafiza ta zauna wurina kamar yadda take, ba sai an kai ga ɗauka ba. Na ajiye wayar a kan tabarma na kunna.

Ya saurari na Anka da na Gwashi yana tsaye. Da muryar Makau ta fito sai ya tsuguna. Da ta ƙare ya ce ai ana iya shirya irin wannan. Na buɗe masa tambayar da na rubuta, na miƙa masa, na ce ya duba ko akwai sunan wani a ciki. Ya karanta a hankali yana motsa baki. Ya sake kunna Makau da kansa. Sannan ya ajiye wayar ya ce shi dai zuciyarsa ba ta kwanta ba.

“Duk na rufe ido hannuna nika gani bisa itacen nan,” ya ce. “Sumul, an auna shi. Kamar an san tsawon kafaɗar Kamilu.”

A nan na gane ba mugunta ke damun Yaya Namadi ba. Waɗanda suka kashe ƙanensa ba su da fuska, ba su da suna, ba inda zai je ya same su. Itacen nan ne kaɗai abin da ya taɓa da hannunsa a ranar. Na ji tausayinsa ya kama ni.

Goggo ce ta yi magana. Tun da aka fara carbinta kawai take ja. Ta ce a ranar tana cikin gida tare da mata, amma labari yana shigo masu. A tungar da ke gaba da tamu, da abin ya shafe su su ma, ƙyauren ɗakuna aka ciro, aka farfasa gadaje, wasu da karan dawa aka rufe su, don babu wanda zai iya shiga daji saro itace a wannan rana. Ita kuwa aka zo aka ce mata nata ɗan da ƙirya aka rufe shi.

“Shekara biyu ina sa mai itacen nan cikin addu'a ban san sunanai ba,” ta ce. “Yau na ji. Lirwanu.” Ta juya fuskarta wajen da take jin numfashin ɗanta. “Namadi, ɗiya ta bi uwarta.”

Ya ce, “Goggo, ba ki gane ba…”

“Na gane. Ke Muhsina, ki ce ma yaron in ya samu ƙirya mai kyau ya yanko mani nawa, a jingine mani bayan ɗaki. In na cika bayan sati, Namadi sai ka kai ƙara ka ce shi yak kira mala'ika.”

Matar Namadi da ke tankaɗe a gefe ta tuntsire da dariya ta toshe baki da zane. Namadi ya ce haba Goggo, wace irin magana ce wannan. Ta ce irin tasa ce. Ya cire hular ya share fuska da ita. Daga ƙarshe ya ce tunda Goggo ta yanke, shi ba zai tsallake ba, amma duk sallah da duk hutu a kawo yarinya ta san gidan ubanta. Na ce ko bai faɗa ba zan kawo ta. Na kama hannun Goggo na riƙe.

Na tashi zan goya Hafiza, sai Goggo ta ce in bar mata ita ta kwana.

'Yan uwa, ku duba fa. Tun da maganar aure ta taso ban bar ta ta kwana a gidan nan ba, kullum da uzurina, yau mura gobe kitso. Yanzu an ce an bar mani ita, kuma a zama ɗaya ana cewa in tafi in bar ta. In na ƙi, na nuna ban yarda da maganarsu ba. In na yarda kuma gari ya waye aka ce ai ta zauna ke nan fa? Na dubi Yaya Namadi. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

“Da safe ni zan maido ta,” ya ce.

Na kwance zanen goyon na ninke na ajiye kusa da Goggo. Na ja matar Namadi gefe na gaya mata maganar babura, na nuna mata yatsan da za ta ba ta. Hafiza ko kallona ba ta yi ba, ta samu 'yan uwa suna wasan 'yar tsana da totuwar masara. Na fito bayana sakayau, iska tana shiga inda ba ta saba shiga ba. Da na isa gida Inna ta ga ni kaɗai, ta buɗe baki, na ce kwana kawai za ta yi. Ita ma tuwonta ranar kaɗan ta taɓa.

Lirwanu ya turo murya yana tambayar yadda aka yi. Na rubuta masa: “Sai da safe zan sani.”

Da gari ya waye na share tsakar gida, na sake sharewa. Na ɗora koko. Duk babur ɗin da ya wuce sai na tsaya da tsintsiya a hannu. Rana ta fara hawa katanga, Inna ta ce in zauna ina sa ta jiri. Sai na ji wani ya rage gudu ya tsaya a ƙofar gida.

Hafiza tana zaune a gaba kan tanki, ta riƙe madubi da hannu biyu, an yi mata sabon kitso ƙanana, goshinta yana ƙyalli. Yaya Namadi bai kashe babur ba. Ya ɗago ta da hannu ɗaya ya miƙo mani, ya ciro zanen goyon daga cikin rigarsa ya ɗora mata a ka. Ya ce ba ta yi kuka ba sai da asuba, shi ma kaɗan. Na yi masa godiya har ya fara jin nauyi. Ya juya kan babur zai tafi, sai ya sa ƙafa a ƙasa.

“Ki ce ma mai injin naki, Juma'a ya biyo ta wurina kafin ya zo nan. Shi kaɗai.”

Ban san abin da zai gaya masa ba, kuma har yanzu ban isar da saƙon ba, na ce bari in fara rubuto maku tukuna. Da hannu ɗaya nake danna wayar nan. Ɗayan yana ƙarƙashin kan Hafiza, ta yi barci a cinyata, kanta sai ƙanshin man shanun Goggo yake.